Howard Cosell, Mai Sharhin da Ya Tsaya wa Ali

'Yan uwana ɗalibai, an haifi Howard Cosell a Amurka a 1918. Lauya ne, daga baya ya koma sharhin wasanni a gidan talabijin na ABC.

A 1964 zakaran dambe Cassius Clay ya bayyana Musuluntarsa, ya koma Muhammad Ali. 'Yan jarida da yawa suka ƙi kiransa da sabon sunan, amma Cosell ya riƙa kiransa da shi. Da aka ƙwace kambun Ali a 1967 don ya ƙi shiga soja, Cosell ya ce ba a yi masa adalci ba. Masu kallo suka yi ta aiko masa da wasiƙun zagi, bai janye ba. Ya rasu a 1995.

Mu 'yan kulob ɗin jarida, mu koyi faɗin gaskiya ko da za a zage mu.