Darasin Kimiyya: Yadda Layukan Neman Mai Ke Sauya Daji

Gabatarwa

Ɗalibai, darasinmu na yau zai kai mu lardin Albarta da ke yammacin Kanada, inda aka gano mai mai yawa a Leduc a 1947. Tun daga lokacin aka yi ta tsaga dazuzzukan lardin da dogayen layuka don neman mai da iskar gas. Za mu ga dalilin yin su, abin da suke yi wa bakin daji, da dalilin da ya sa itatuwa ke jinkirin dawowa.

1. Me ya sa ake share layin?

Masu binciken mai suna aika girgiza cikin ƙasa, ko dai da nakiya ko da manyan motoci masu jijjiga. Girgizar takan bugi duwatsun ƙarƙashi ta dawo kamar amsa-kuwwa, sai na'urorin da aka jera a kan layin su ɗauke ta. Daga nan ake gane inda mai zai iya kwanciya. A da, katafila ce ke share layin, faɗinsa ya kai mita 5 zuwa 10. Daga shekarun 1990 aka koma ga layuka masu ƙaramin faɗi, masu lanƙwasa, don rage ɓarna.

2. Abin da ke faruwa a bakin daji

Layi ɗaya yana haifar da baki biyu, dama da hagu. Ta nan hasken rana da iska ke kutsawa cikin dajin da a da yake rufe. Zafi da damshi sukan canja, tsirran da suka saba da inuwa su ja baya, ciyawa da ƙananan itatuwa masu son rana su samu wuri. Saboda haka ɓarnar ta fi faɗin layin da ido ke gani.

3. Me ya sa daji ba ya saurin dawowa?

Nan ne zuciyar darasin. Wani bincike da Lee da Boutin suka wallafa a 2006 ya nuna cewa bayan shekara 35, kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai na tsofaffin layukan itatuwa suka rufe fiye da rabinsu. Matsalar ta fi tsanani a fadamu masu tarin ruɓaɓɓen gansakuka. Nauyin katafila yana danne ƙasa, ya baje 'yan tuddan da ƙwayar itace ke tsirowa a kansu. Sai layin ya zama kwari, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska. Ga kuma mutane da ke ci gaba da bin layin da ababen hawa, suna tattake duk abin da ya tsiro.

4. Dabbobi ma abin ya shafe su

Kyarketai sun fi gudu a kan layi fiye da cikin kurmi, don haka suna saurin isa maɓoyar karibu, wata dabba dangin barewa. Gwamnatin Kanada ta sa karibun daji cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma a shirinta na 2012 ta nemi a bar aƙalla kashi 65 cikin 100 na mazauninsu ba tare da ɓarna ba.

5. Gyara

Ana tono ƙasa a yi tuddai, a dasa itatuwa a kansu, a kuma kayar da wasu itatuwan su gitta layin don tare hanya. Aikin yana da tsada, yana kuma cin lokaci.

Kammalawa

Share layi aikin 'yan kwanaki ne, amma warkewarsa na iya wuce shekarun mutum ɗaya. Tunda a yankinmu ma ana neman mai, kamar a Kolmani da Agadem, ya kamata ku riƙa tambaya: wa zai gyara ƙasar bayan an kwashe na'urori? Aikin gida: ku je wata hanya da ta ratsa daji kusa da ku, ku kwatanta tsirran bakinta da na can ciki, ku rubuto abin da kuka gani.