Yadda Ake Riƙe Dabba a Gida Kuɗin Magani Bai Cinye Ta Ba

A Bacirawa, kamar sauran ƙauyukan arewacin Kano inda gona ke jingine da gona, babu dajin da za a kora dabba ta yini tana kiwo. Da shuka ta tsiro, akuya da tunkiya sai turke, ba kuma za a sake su ba sai an kawar da amfanin gona. Wata huɗu ko biyar ke nan dabba tana wuri ɗaya: abin da aka kawo mata shi za ta ci, inda aka ɗaure ta nan za ta kwana. Lafiyarta kacokan tana hannun mai ita, wadda galibi mace ce, akuyar kuwa ita ce ajiyarta ta biki da suna da ranar rashin lafiya. Ana yawan kukan cewa likitan dabbobi ya yi tsada. Ya yi ɗin. Amma mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kan dabba marar lafiya, tun a makonni ukun farko na zuwanta gida aka jawo shi.

Ana farawa ne da lissafi, tun ba a je kasuwa ba. Wanda yake da kuɗin rago cif-cif bai isa sayen rago ba tukuna. A kasa kuɗin uku: na dabba, na abinci, na magani. A ganina ko kashi ɗaya cikin goma ne a ware wa magani, a ƙulle shi daban. Yawancin magungunan dabbobi daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ga shi an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, malamin dabbobi kuwa a babur yake zuwa, sai an biya kuɗin mai kafin a zo maganar allura. Harawar wake da ta gyaɗa da kaka ake sayenta a ɗora bisa soro, ba da bazara ba. In kuma kiwo za a ba wani a riƙa raba 'ya'ya, a yi magana tun ranar farko a gaban shaida: in ta kwanta, wa zai biya magani? Zumunci da yawa ya yi tsami a kan wannan tambayar da aka ji kunyar yi.

Sai kasuwa. Mutanen wannan yanki da dama Dambatta suke ci ran Lahadi. A je da wuri, a tafi da wanda ya san dabba, kada a yi ciniki kafin a taɓa. A fara da hanci: in da majina mai kauri ko ɓawon da ya bushe, a wuce. A ɗaga wutsiya a duba ko zawo ya ɓata wurin. A buɗe baki a ga dasashi, kada a tarar da miki ko wari. Sannan a sa babban yatsa a ja fatar idon ta ƙasa: cikinta ya kamata ya yi ja sosai. In ya yi fari fat, tsutsa ta sha jinin dabbar, musamman in ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa. A danna cikin ta ɓangaren hagu, a ji ko akwai wani dunƙule mai tauri da ba ya lotsawa, don sau da yawa leda ce. A ƙarshe a ja da baya a tsaya kallo na ɗan lokaci. Dabba mai lafiya, in ta sami natsuwa, tuƙa take yi.

Dillali zai ce, “Alhaji, gajiyar mota ce kawai, in ya sha ruwa zai miƙe.” Wataƙila gaskiya ne. Amma la'adarsa yake nema, kuma ba shi zai kwana da ragon ba. Araha ba ta ado. Game da iri kuwa, ɗan ƙasa da jar akuya sun fi jure turken ƙauye. Balami da Uda sun fi cika ido, sai dai cikinsu ma ya fi girma.

Da an iso gida, kada a haɗa baƙuwar dabba da na gida. A kafa mata turkenta a wani lungu, da kwanon ruwanta daban, har mako uku. In za a ba da abinci a fara da na gida, a ƙare da baƙuwa, a wanke hannu. Wannan matakin ba ya cin ko sisi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Abin da ake gudu shi ne annobar nan ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR: zazzaɓi, majina da kwantsa, mikin baki, sai zawo mai wari, sai tari. Tana iya ɓuya a jiki kwanaki kafin ta bayyana, don haka dabbar da ta ɗauko ta a kasuwa lafiya lau za a gan ta ranar saye. In ta shiga gidan da ba a yi rigakafi ba, tana iya share turke gaba ɗaya, awaki kuma sun fi jin jiki.

A Kwaddibuwa aka fara gano cutar a 1942. Allurar rigakafinta da aka fi amfani da ita a Afirka, daga ƙwayar cutar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka sarrafa ta, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin ta. Allura ɗaya tana tsare dabba aƙalla shekara uku. A 2015 aka yi taro a Abidjan aka ɗau aniyar kawar da cutar daga duniya kafin ƙarshen 2030. Ba tatsuniya ba ce: 'yar'uwarta bushiya, wadda dattawa ke tuna ɓarnar da ta yi wa shanu a 1983, an sanar da ƙarewarta a duniya a 2011, kuma da allura aka ci ta.

Matsalar mai akuya biyu ita ce kwalbar. Ba a yin ta don dabba ɗaya, ta dabbobi hamsin ce ko ɗari, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwanta sai a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka rigakafi aikin unguwa ne. A yi wa mai unguwa magana, a sa rana, a tara dabbobi da sassafe a inuwa, a haɗa kuɗin kwalba da na mai a raba bisa kawuna. Abin da zai faɗo wa kowa kaɗan ne. In malamin ya zo, a leƙa kularsa a ga ƙanƙara. Allurar da ta yini a aljihu ruwa ce kawai. Dabba mai lafiya ake yi wa, wadda ta kai wata uku zuwa huɗu, ba wadda ta riga ta kwanta ba. A kuma kasa kunne a rediyo: shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa, ya yi ta gudanar da rigakafin kyauta na shanu da ƙananan dabbobi. Akan sami mai ɓoye nasa don tsoron ƙirga. Jangali dai tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a Kano.

Maganin tsutsa ana ba da shi ranar da dabba ta zo, a sake da faɗuwar damina, a kuma sake in ruwa ya ɗauke. Ba yawan bayarwa ne gwaninta ba, bayar da daidai nauyin dabba ne. Mai raba ƙwaya ɗaya wa awaki uku yana ganin ya yi tattali, alhali raunanan tsutsotsi ya kashe ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har maganin ya daina aiki a gidansa. Albendazole ba a ba akuyar da cikinta bai wuce wata ɗaya ba, yana iya lahanta ɗan. Ivermectin ana yin sa a ƙarƙashin fata, yana maganin ƙazuwa da ƙwarƙwata da wasu tsutsotsin. Kowanne za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma guji na kan faranti da ya sha rana a kasuwa.

Abin da ya rage aikin kullum ne, kuma mata sun fi kowa saninsa. A share turke, a tara takin gefe, don da bazara jaki zai kai shi gona a mangala. Takin nan kansa wani ɓangare ne na ribar kiwo a ƙasar da ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. A yi rumfa, a ɗaga ƙasan kada ruwa ya kwanta, a riƙa barbaɗa toka. A yanke kofato in ya yi tsawo. Wurin abinci ne ake yin kuskuren ƙauna. Ragon layya da aka tula wa dusa da sauran tuwo rana ɗaya, cikinsa kan yi tsami ya kumbura, ya kwana bai tashi ba. Kaɗan-kaɗan ake ƙara dusa, a cikin mako biyu, kuma kullum harawa ce gaba. Ragon da dusa ta yi wa yawa ruwa ya yi masa kaɗan, tsakuwa kan toshe masa mafitsara, a gan shi yana yunƙurin fitsari yana kuka. Gyauron dawa ɗanye yana iya kashewa cikin sa'a guda. Ita kuwa leda, da rani in an saki dabbobi suke kalatarta a juji, ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ciki na girma. Babu ƙwayar da ke narkar da ita. Sai tiyata, tiyata kuwa sai an ɗauki dabba zuwa birni, irin asibitin dabbobi na Gwale.

Duk da haka wata rana dabba za ta yi ciwo. Alamar farko ita ce ta daina tuƙa, ta ware gefe, kunne ya faɗi. A ranar ake kiran malamin dabbobi. Abin da aka saba shi ne a fara da kanwa, gobe jiƙon ɓawon maɗaci, jibi a ɓare kafson mutane a ɗura mata, sai ta kwanta ta miƙe wuya sannan a aiki yaro.

“Inna, tun yaushe ta daina ci?”

“Jiya-jiyan nan ne, Malam.”

Shi kuwa yana ganin yadda ido ya faɗa ya san an kwana huɗu. A faɗa masa gaskiya, har da abin da aka ɗura mata. Sannan a yi masa tambaya huɗu kafin ya zuƙi allura: wane ciwo ne, mene ne sunan maganin, kwana nawa za a yi, nawa ne duka har da dawowarsa. Akwai likita mai digiri, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke koyarwa tun 1964; akwai malamin dabbobi da ya yi karatu a wuri irin Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta; akwai kuma wanda sirinji kawai ya mallaka, kowane ciwo allura ɗaya yake yi masa. Wannan na ukun tambayoyin nan ne ke tona shi.

In kuɗin jinya zai haura kuɗin dabbar, babu laifi a kira mahauci, amma kafin allura, ba bayanta ba. Maganin da aka yi wa dabba yana zama a namanta da nononta, kuma kwanakin jira a rubuce suke a jikin kwalba. Na wasu alluran yakan kai mako uku zuwa huɗu, har fiye. Mai sayar da ragon da aka yi wa allura shekaranjiya, 'ya'yan wani ya ɗura wa maganin. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a jefar wa karnuka. Ana zargin ciwon saifa ne, yana kama mutum. A sanar da ma'aikatan dabbobi, a binne ta da zurfi.

Saura biyu da ba sa shiga lissafin kowa, don ba a kai su kasuwa: kyanwa da kare. Kowa ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, amma kyanwar rumbu sai a bar ta da ɓeraye kawai, ko ruwa ba a ajiye mata da rani. Kare kuwa, na gadi ne ko na farauta, wanda ya ajiye shi ya ɗau nauyin unguwa. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan duka ta cizon kare, kuma da alamunsa sun bayyana a jikin mutum babu magani. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Kuɗinta bai kama ƙafar na alluran da za a yi wa wanda aka ciza ba, waɗanda sai an yi ta komawa asibiti. In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin kare a miki. Shi kuma karen a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma maimakon a kashe shi nan take, don halin da zai shiga ne zai nuna wa likita abin da ake ciki. Takardar shaidar allurarsa a adana ta tare da takardun gona, domin ranar da ya ciji ɗan maƙwabci ita za a fara tambaya.