Yadda A Ke Yin Tawada da Alƙalami a Gida

Ga hutu ya ƙarato, kaka ta wuce, hunturu ya kunno kai. Kara na zube ko'ina a gonaki, bagaruwa ta fara zubar da 'ya'ya, ƙaro kuma yana tsattsafowa a jikin dakwara. To, 'yan'uwa, abin da mu ke so mu yi magana a kansa a wannan karo wani ɗan aikin hannu ne wanda kayansa duka suna bakin ƙofarmu a wannan lokaci, watau haɗa tawada da fiƙe alƙalami. Kusan dukanmu da allo muka fara karatu, mun tsoma alƙalami cikin kurtu tun ba mu san dama da hagu ba. Amma yau in aka tambaye mu yadda a ke haɗa abin da ke cikin kurtun nan, kaɗan ne daga cikinmu za su iya ba da amsa.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, ga biro a kowane kanti? Gaskiya ne, biro ya sauƙaƙa rubutu, ba mu kuwa raina shi ba. Sunan nan ma na mutum ne, wani ɗan jarida na ƙasar Hangari, Laszlo Biro, wanda ya sami takardar shaidar ƙago shi a shekarar 1938. Sai dai bakin biro siriri ne, don idon mai rubutu kaɗai aka yi shi. Malamin da aka kai makarantar ƙauye, aka danƙa masa aji cike da yara, in yana so ya rubuta baƙaƙe ko alƙaluman lissafi a kan kwali ya rataye a bango, yadda yaron da ke can ƙurya zai gani ba sai ya miƙe tsaye ba, biro ba zai fishe shi ba. Alƙaluman kanti masu kaurin baki kuwa suna da tsada, ba su daɗewa sai su bushe, kuma ba kowace kasuwar ƙauye ke da su ba. In ya zauna jiran a aiko masa daga birni, sai zango ya ƙare bangon ajinsa na nan wayam, yaran baya kuma su tashi ba su rabe ba da ta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu fara da alƙalami, gama shi ya fi sauƙi. A nemi gamba wadda ta ƙosa ta bushe a tsaye, ko kuwa sillen karan dawa, watau siririn nan na can sama wanda ke ɗauke da zangarniya. Wanda aka yanke ɗanye ba ya yi, domin yana motsewa ya lanƙwashe. Tsawon taƙi guda ya isa. A sa aska ko wuƙa mai kaifi a fere gefe ɗaya a karkace, kamar inci guda daga baki, a kankare totuwar da ke ciki, sa'an nan a rage nan a rage can har bakin ya kai faɗin da a ke so. Bayan wannan sai a kwantar da shi bisa itace mai tauri a ɗan tsaga bakin a tsakiya. Tsagar nan ita ce hanyar da tawada ke bi ta sauko. In ta cika tsawo alƙalami ya wage baki ya yi ta zuba, in kuwa babu ita sai ya rubuta harafi ɗaya ya ƙafe. Aiki na ƙarshe shi ne datse bakin, da sara ɗaya, ba a gurzawa. Mai rubutun ajami da mai rubutun boko ba su karkata hannu iri ɗaya, don wannan daga dama ya ke tasowa, wancan daga hagu, saboda haka kowa ya fiƙe biyu ko uku ya gwada har ya sami datsar da ta dace da hannunsa. Na rubutun bango kuwa, a ɗauki kara mai kaurin yatsa, a bar masa totuwa kaɗan a ciki, tana shan tawada ta riƙe, ba sai an yi ta tsomawa ba.

Tawada iri biyu ce, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ainihin darasinmu. Akwai wadda ruwa ke wankewa, akwai wadda ba ya wankewa.

Ta fari ita ce tawadar allo. Baƙi ne da ƙaro da ruwa, shi ke nan. Baƙin a kan same shi daga gawayi, malamai da yawa sun fi son na aduwa, itacen nan da a ke sassaƙa allon kansa da shi. A daka gawayin ya yi laushi ƙwarai, a tankaɗe da ƙyalle, don ɓarɓashi ɗaya ya isa ya toshe tsagar alƙalami. Wanda ke son baƙi mai laushin da ya fi wannan, sai ya kankaro na gindin tukunya, ko ya kifa faranti bisa harshen aci-bal-bal ya tara hayaƙin. Ƙaron kuwa a zaɓi fari mai haske, a cire ɓawo da ƙasa, a jiƙa shi tun da dare, da safe ya narke. A nan ne masu gaggawa ke shan wuya: baƙin hayaƙi ba ya son ruwa, in aka zuba shi ciki sai ya taso ya yi ta yawo a sama. Dabarar ita ce a fara kwaɓa shi da ruwan ƙaro mai kauri, a dama har ya zama kamar kunu mai ƙarfi, sa'an nan a riƙa ƙara ruwa kaɗan kaɗan, a ɗora a wuta ya ɗan tafasa, a sauke a tace.

Ba za mu ƙayyade awo ba, gama ƙaro ya bambanta, gawayi ma haka. Allo shi ne alƙali. A rubuta layi guda a bari ya bushe, a shafa yatsa. In baƙin ya biyo yatsa kamar ƙura, ƙaro ya yi kaɗan. In rubutun yana ƙyalli yana danƙo, ƙudaje na sauka a kai, ko ya bushe ya tsattsage, ƙaro ya yi yawa, sai a ƙara baƙi da ruwa. In ta yi daidai a juye cikin kurtu ko 'yar kwalba, a cusa auduga a ciki don ko ta faɗi kada ta malale, a kuma riƙa motsa ta kafin rubutu, domin gawayi na kwantawa a ƙasa.

Me ya sa wannan tawada ke wankuwa? Gawayi ba ya narkewa cikin ruwa, ba ya kuma shiga jikin itace ko takarda. Zaune kawai ya ke a sama, ƙaro ne ya liƙe shi. Da ruwa ya taɓa ƙaron sai ya narke ya saki, baƙin ya bi ruwa. Wannan ba aibi ba ne, da gangan magabata suka zaɓe ta. A zamanin da takarda daga ƙasar Italiya a ke kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma; wanda ya ɗaga takardar tsohon littafi a hasken rana sau da yawa zai ga hoton jinjirin wata uku a jikinta, alamar masu yin ta ke nan. Abin da ya sha wannan tafiya ba a ba yaro ya koyi rubutu a kai. Sai aka ba shi allo guda da tawada mai wankuwa, ya rubuta ya hardace ya wanke, allo ɗaya ya kai shi har sauka.

Ta biyu ita ce ta takarda, wadda malamai ke kira yambari, kuma ita ta fi ban mamaki. A samo 'ya'yan bagaruwa busassu, irin waɗanda majema ke jima da su, cike da tafi biyu. A fasa a zubar da ƙwayar, a daddaka ɓawon, a zuba cikin tsohuwar tukunyar ƙasa wadda ba a girki da ita, a sa ruwa ya sha kansa, a tafasa sosai. Ruwan zai fito ja-ja kamar shayi mai ƙarfi. In an rubuta da shi a haka da ƙyar za a gani. To, sai a jefa kashin maƙera a ciki, in babu a sa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, a rufe a ajiye kwana uku ko huɗu. Ran da aka buɗe za a tarar ruwan ya koma baƙi. A tace da ƙyalle sau biyu, a zuba ruwan ƙaro kaɗan, ba kamar na tawadar allo ba, don a nan aikinsa kawai ya ba ta jiki kada ta bazu a takarda. In ta kwana biyu fumfuna ta kan taso a sama; a kwashe, a jefa kanumfari biyu ko uku, yana rage ta.

Kada wanda ya gwada ya karai in ya ga rubutunsa ya fito fari-fari da farko. Ya ajiye takardar ya dawo bayan sa'o'i kaɗan, zai ga ya yi duhu, gobe kuma ya fi haka. Dalili shi ne, cikin bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri, shi ne ke jeme fata ya hana ta ruɓa. In ya gamu da ƙarfe sai su haɗu su zama wani abu dabam, iska kuma ta ƙarasa aikin bayan tawada ta riga ta nutse cikin zaren takarda. A can ciki baƙin ke haihuwa, shi ya sa ruwa ba ya fid da shi. Ganyen shayi ma yana da wannan bauri, kowa na iya ɗiga shayi mai ƙarfi a kan wuƙa mai tsatsa ya ga wurin ya yi baƙi. Haka kuma dukawa ke samun baƙin da su ke zana wa jemammiyar fata, ruwan ƙarfe su ke shafawa, baurin da ke jikin fatar ya karɓa. Turawa ma da irin wannan tawada suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu, sai dai su daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin wani itacen ƙasarsu su ke samun baurin. Da ita aka rubuta shahararriyar takardar alkawarin nan ta Ingila, Magna Kata, a shekarar 1215, ga ta nan har yau ana karantawa. Mu ma littattafan da aka kwafa da hannu a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1817, da bayansa, suna nan a gidajen malamai da wuraren ajiya irin su Gidan Arewa na Kaduna, baƙinsu bai gushe ba.

A ganinmu babu darasin kimiyya da ya fi wannan araha ga malamin ƙauye. Ya zo aji da kwalba biyu, ɗaya ruwan bagaruwa, ɗaya ruwan da ƙusa ta kwana a ciki, ya haɗa su a gaban yara, ya bar su su yi ta gardamar inda baƙin ya fito kafin ya ce kome.

Amma fa yambari tana da sharaɗi. In ƙarfe ya yi mata yawa tana cin takarda a hankali, har bayan shekaru a ga harafi ya huje ya bar gurbinsa; saboda haka da ta yi baƙi a tsame ƙusoshin. Ba a sa ta a allo, gama ba za ta fita ba, kuma kada a haɗa kurtunta da na tawadar allo, tun da ya ke akwai masu wanke allo su sha. In ta ɗiga a riga a yi maza a matsa lemon tsami a wurin kafin a wanke, yana rage tabon.

Sauran launi ba za mu daɗe a kansu ba. Duk wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na ƙasarmu ya ga wasali da ja, hamza da rawaya. Ja a kan same shi daga karan dafi, a jiƙa ɓawon da 'yar kanwa, yadda masu rinin fata ke yi. Rawaya kuwa daga gangamau, ko saiwar tsiron nan da sunansa ma rawaya. Kowanne a tace a sa masa ƙaro. Ruwan soborodo ma yana rubutu, kuma yana da abin dariya ga yara: a ɗiga masa kanwa ya juya kore-kore, a ɗiga tsami ya komo ja.

Akwai abu guda da mu ke roƙon 'yan'uwa. Kashin maƙera a maƙera ya ke, bagaruwa mai kyau a majema, sanin awo kuwa yana wurin tsofaffin alarammomi da suka shekara arba'in suna rubutu, waɗanda kullum raguwa su ke yi. Kada ɗan makaranta ya aiki ƙanensa. Ya tafi da kansa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ko "Allah gafarta Malam, tambaya na zo yi." Za su nuna masa abin da ba mu rubuta a nan ba, wataƙila ma su gyara mana wani abu. Ba mu san inda waɗansunmu suka samo ra'ayin cewa mai ilmin boko ba ya ɓata hannu ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, wadda ita ce mafarin boko a wurinmu, har da sashen koyon sana'a a cikinta.

Waɗanda za su yi hutu wajen Barno da Yobe su taho mana da ƙaro, don can ya fi yawa a ƙasarmu, ko da ya ke Sudan ce uwar ƙaro a duniya. Kowa kuma ya rubuta layi ɗaya da kowace tawada da ya haɗa, a takarda biyu, ya sa kwanan wata. Ɗaya ya ajiye cikin littafi, ɗaya ya liƙa a inda rana ke bugawa har hutu ya ƙare. Jan soborodo da rawayar gangamau za su koɗe, baƙin gawayi ba zai motsa ba. Na karan dafi da yambari kuwa, sai mun dawo mun jera takardun a kan tebur mun gwada na wane gari ya fi.