Rabon Gudu Tsakanin Kwak da Kishiyarsa: Nazari a kan Cikin Mezon

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana, cikin Hausa, yadda masana kimiyya suke hasashen abin da ke cikin mezon, watau wata ƙwaya wadda ta fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mafi rashin nauyi a cikin dangin ita ce fayon, wadda Hideki Yukawa na Japan ya yi hasashenta a 1935, sa'an nan masanan Jami'ar Biristol ta Ingila suka gano ta a 1947. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kullum ƙwayoyi daga sararin samaniya suna karo da iska can bisa Gusau da Tsafe, su haifar da fayon, ita kuma ta rikiɗe ta zama miyon, wadda ke sauka har kan Dutsen Kwatarkwashi.

A 1964 Gell-Mann da Zweig suka kawo ra'ayin cewa kowace mezon haɗi ce na kwak da kishiyarsa. Daga baya aka gane akwai gulu'on da ke ɗaure su. To, idan fayon tana gudu, wane kaso na ƙarfin tafiyarta kwak yake ɗauke da shi? Wannan kaso shi ake kira x, daga 0 zuwa 1.

A nan gizo ke saƙar. Fayon mai caji ba ta wuce kimanin kashi 26 cikin biliyan na daƙiƙa a raye, saboda haka ba a iya girke ta a harbe ta kamar furoton. Sai dai ita a harba. Haka aka yi a Fermilab ta Amurka, inda aka harba ta kan ƙarfen tungistan. Sakamakon 1989 ya nuna cewa idan x ya kusanci 1, yiwuwar samun irin wannan kwak tana raguwa kamar (1−x). Tsarin lissafi na Nambu da Jona-Lasinio ya dace da haka, amma na Dyson da Schwinger ya ba da (1−x)². Abin mamaki, da Aicher da Schäfer da Vogelsang suka sake tace alkaluman nan a 2010, sai suka karkata ga na biyun.

A ganina awon nan bai isa ya raba gardama ba, tun da shi kansa sai an bi ta wani lissafi kafin a karanta shi. Gwajin AMBER na CERN, kusa da Janiba, yana cikin shirinsa ya sake wannan awo.