Sitiyari Ko Hannun Gem: Shawarwari Ga Gidan Da Ake Wasan Tseren Mota

A gidan da ake da PlayStation ko Xbox, akwai ranar da yaro zai zo wa mahaifinsa da ƙorafi: abokansa suna riga shi gama zagaye a Gran Turismo ko F1, kuma a ganinsa laifin hannun gem ne, da za a sayo masa sitiyari da ya wuce su. Sitiyari kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. A nawa ganin, yawancin daƙiƙoƙin da yaron ke nema a wurin taka birki suke zubewa, kuma ana iya tsinto su ba a kashe ko kwabo ba.

1. Kada a sayi sitiyari sai an ƙure hannun gem. Gwajin mai sauƙi ne. A zaɓi mota ɗaya da hanya ɗaya, a yi zagaye goma a jere. Idan tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri akwai daƙiƙa biyu ko uku, direba ne bai nuna ba tukuna. Idan duk sun taru cikin rabin daƙiƙa, sai a fara maganar sayayya. Kuma a sani cewa wanda ya koma sitiyari yakan fara da yin baya, sai hannu da ƙafa sun saba kafin ya kamo lokacinsa na da.

2. A gyara talabijin. Yawancin na zamani suna da tsarin da aka ware don wasan gem, wanda ke rage jinkiri tsakanin latsawa da abin da ido ke gani. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa ya sa a wuce wurin birki da mita biyar da rabi. Inda wasa ya ba da zaɓi tsakanin kyan hoto da saurin hoto, a ɗauki sauri.

3. Birki shi ne uwar darasin. A gefen hanya, kafin manyan kwanoni, akwai alluna masu nuna saura mita 150, 100, 50. Mai koyo yakan taka birki idan tsoro ya kama shi, gwani kuwa yana da allo ko bishiya ko inuwar gada da yake takawa a kai kowane zagaye. A gwada a kwanar farko ta Monza a Italiya, inda ake fitowa daga doguwar miƙaƙƙiyar hanya a faɗa matsattsiyar kwana: a fara takawa da wuri, sannan a riƙa matsawa kaɗan kaɗan har a gano iyaka.

Yadda ake sakin birki ya fi yadda ake taka shi wahalar koyo. A danna da ƙarfi tun mota tana miƙe, sai a riƙa sassautawa yayin da ake karya kan mota. Dalili shi ne birki yana tura nauyi kan tayoyin gaba, su ƙara kama kwalta, amma ƙarfin kamun taya yana da iyaka: abin da birki ya cinye, kwana ba za ta samu ba. Wanda ya saki birki lokaci guda, gaban motar zai yi sauƙi ta ƙi shan kwana. Sannan a tuna cewa saurin fita daga kwana ya fi saurin shiga amfani, domin shi ake ɗauka har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaba.

4. Mai hannun gem ya sa totur da birki a kan maɓallan R2 da L2, waɗanda ake iya dannawa rabi ko kwata. Maɓallin da sai dai a kunne ko a kashe yana sa taya santsi. Sandar juya mota kuma tafiyarta gajera ce ƙwarai, don haka a daina fizgar ta hagu da dama. Wasu sukan tura ta gaba su riƙa mirgina ta a jikin da'irarta, ya fi ba da laushi. Masu yin wasannin sun san wannan ƙarancin, shi ya sa suke tace motsin yatsa su hana mota juyawa fiye da kima a babban gudu, taimakon da mai sitiyari ba ya samu. Idan mota ta fara karkata da kanta, sandar ce ta gaji ko ƙura ta shige ta. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle.

5. Idan sitiyarin ya shigo gida, a ɗaure shi da tebur mai nauyi, a zauna a kujerar da ba ta da taya, a tokare matakan ƙafa da bango. Sitiyarin Logitech G29 yana juyawa digiri 900, wanda ya dace da motocin titi, amma motar F1 kusan 360 take buƙata. Kada a ƙure ƙarfin turjiyar da yake mayarwa hannu: idan ya kai maƙura, nauyi kawai za a ji, ba za a ji lokacin da taya ta fara zamewa ba, alhali saboda wannan jin aka saye shi. Ga iyaye kuma, da an jona shi yakan juya da kansa har ƙarshe hagu da dama, a janye yatsun ƙanana.

6. A cire taimakon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A fara da birkin da ke taka kansa, sai layin da ake zanawa a kan hanya, domin yana sa ido kallon ƙasa maimakon kwanar da ke tafe. A Gran Turismo 7 mai hana taya santsi yana daga 0 zuwa 5, a riƙa sauka mataki mataki. ABS kam, mai hana taya kullewa a birki, a bar shi a kunne.

7. A yi atisaye a gajeriyar hanya. Tsukuba ta Japan kusan kilomita biyu ce, Nordschleife ta Jamus ta haura ashirin, kafin a dawo kwanar da aka ɓata an manta kuskuren. A kunna inuwar motar da ta yi zagaye mafi kyau a bi ta. Rabin awa da hankali a tattare ya wadatar, ba ya cin lokacin salla ko na karatu, kuma 'yan'uwa su sami nasu rabon.

8. Sitiyari yana da ranarsa. A doguwar tsere yana sa zagaye su yi kama da juna, taya ta daɗe ba ta cinye ba. Gasar GT Academy da Nissan da Sony suka fara a 2008 ta ɗauki 'yan wasa daga gaban talabijin zuwa motar gaske, kuma Jann Mardenborough na Birtaniya, wanda ya ci ta 2011, ya zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans na 2013. Idan yaronku ya ci gwajin zagaye goma, ku saya masa. Ku dai duba tun a kanti: G29 na PlayStation da kwamfuta ne, G920 na Xbox da kwamfuta. In na hannu ne, ku sa a jona shi a gabanku, ku taka matakan uku kafin ku biya.