Kafin ka sayi injin kafe mai tsada, duba wutarka da ruwanka

Gyaran kayan lantarki ne sana'ata, kuma aiki yana yawo da ni a kan babbar hanyar nan daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa. A ƴan shekarun nan an fara kawo mini injinan kafe na espresso, waɗanda ma'aikata da ƴan kasuwa ke sayowa daga Yamai, Kano ko Dubai, wasu kuma daga kayan gwanjo. Yana ci mini rai in ga mutum ya zuba kuɗin da za su sayi tumaki, kafin shekara ta zagayo injin ya koma ado a kan tebur. Galibi kuma ba laifin injin ba ne.

Injin nan yana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 da ƙarfin bar 9 ta cikin garin kafe da aka danne, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Don ya zafafa ruwan da sauri yana jan wat 1,200 zuwa 1,500, wato kusan amfiya 7 a wutarmu ta bolt 220. Sai mutum ya jona shi a siririyar wayar da yake cajin salula, tare da firiji. Idan na buɗe soket ɗin sai in tarar robar ta narke ta yi baƙi, ƙarfen ya yi ja, ƙaurin ƙuna na tashi. Da haka gobara ke farawa. Injin yana son layinsa shi kaɗai, da waya mai kauri, da wayar ƙasa, domin ruwa da ƙarfe da wuta ne a wuri guda.

Wutar kanta fa? Babban layin da ke ciyar da wannan yanki daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma ba wanda ya manta yadda Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Tun lokacin gidaje da yawa suka koma ga hasken rana, to a nan ne nake yawan jan kunne. Injin wat 1,500 a kan batir mai bolt 12 yana zuƙar sama da amfiya 120. Kayan da aka haɗa don fitilu da fanka da talabijin ba za su ɗauka ba. Ko na'urar juya wutar ta yi ƙara ta ɗauke, ko batirin ya tsufa kafin lokacinsa. Haka kuma idan kamfanin lantarki na NIGELEC ya ɗauke wuta, a zare injin, domin dawowarta da ƙarfi ce ke kashe allon da ke cikin masu maɓallai da agogo.

Mai sayen na gwanjo ya kifa injin ya karanta takardar da ke ƙasansa. Idan an rubuta 120V, na Amurka ne. Jona shi a wutarmu zai sa ƙarfen dumama ruwan ya ɗauki fiye da ninki uku na abin da aka yi shi dominsa, nan take ya ƙone.

Abin da ya fi kashe injinan nan a hankali shi ne ruwa. Leƙa cikin butar da ake dafa maka shayi. Idan ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, ka kankare da farce yana zubowa kamar alli, to shi ne zai taru a bututun injin, wanda bai fi tsinken ashana kauri ba. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga gari zuwa gari, har daga unguwa zuwa unguwa, shi ya sa nake cewa kowa ya gwada nasa da buta kafin ya sayi inji. Tacewa da ƙyalle tana cire laka, ba ta cire wannan sinadarin da ya narke. Dole a riƙa wanke cikin injin da maganin da kamfanin ya ce, a kuma rufe shi lokacin hunturu saboda ƙura.

Sai garin kafen. Nescafé da mai shayi ke zubawa a kofi an riga an dafa shi an busar, narkewa kawai yake yi, ba ya aiki a wannan injin. Ana bukatar gasassun ƙwayoyi da injin niƙa mai kyau, Nijar kuwa ba ta noman kafe, sai an kawo daga irin su Kodebuwa ko Habasha. Masu amfani da ƴan kwanonin Nespresso kuma, ranar da suka ƙare sai a jira mai zuwa Yamai.

Wanda ke son kafe mai kauri, ni tukunyar moka nake nuna masa, wadda Bialetti ya fitar a Italiya a 1933. Ba ta kai espresso ƙarfi ba, amma tana hawa kan gas ko gawayi, kuma abin da yakan lalace a jikinta zoben roba ne, wanda mutum zai canza da hannunsa. Wanda kuma ya ƙudurta sai babban injin, ya kira mai gyara ya auna masa layin gidan tukuna, ya kuma tambayi mai sayarwa inda ake samun famfon ciki da robobinsa idan sun mutu.