Kafin Sha Biyun Dare Sola Ta Gaji

 Ina zaune a Daurawa, ƙaramar hukumar Tarauni, sana'ata ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 inji ya fi ƙarfina, wutar KEDCO kuwa sai ta ga dama. Da na kwashi adashe bara sai na sa sola: faranti huɗu masu wat 300, batir biyu na ruwa, da inbata. Da farko har guga nake yi da daddare, yara na ɗumama ruwan wanka da hita. Yanzu kafin sha biyu inbata ta fara kuka, da asuba ƙanƙara ta koma ruwa. Yaron da ya haɗa min ya ce in ƙaro faranti, maigida ya ce in sayar in huta. Wata maƙociya kuma ta ce in haƙa ramin gas na kashin shanu in rabu da gawayi. Wanne zan kama?

Taku, mai ƙanƙara daga Daurawa

Ga amsa, Hajiya. Kada ki sayar, kada kuma ki ƙaro faranti tukuna. Rana ba ta yi wa Kano kaɗan ba. Saboda ita aka buɗe tashar lantarki mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019. Naki ciwon batir ne, kuma da bakinki kika ambaci waɗanda suka jikkata shi: dutsen guga da hita.

In batiranki irin masu 220 ɗin nan ne da suka cika kasuwa, su biyun suna riƙe kimanin yunit biyar. Amma batirin ruwa rabinsa kawai ake sha. In ana tatse shi ƙarƙaf kullum, tsufa yake yi da wuri, zafin Kano kuma ya ƙarasa shi. Dutsen guga na jan wat 1,000 ko fiye, fanka kuwa kamar 70. Ke nan gugar awa ɗaya ta fi fanka ta kwana tana juyi. To me aka bar wa firiza?

Gobe da sassafe a hau rufi a goga yatsa a kan farantin. In ya bar layi kamar an yi rubutu a gilashin motar da ta kwana biyu a ajiye, ƙurar nan ma tana cin wutarki. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi kafin rana ta ɗaga, a kuma duba ko inuwar tanki na faɗa masa. Sannan a buɗe murafen batir, in ruwa ya ja baya a cika da nasa na kanti, ba na rijiya ko burtsatse ba. Ki samo wani mai gyaran daban ya auna kowanne shi kaɗai a gabanki, domin mai neman ya sayar miki da faranti ba zai ga laifin batir ba. In ɗaya ya mutu, kada a aura wa tsoho sabo. A canja duka biyun, ko ki daure zuwa wani adashen ki sayi litiyom, in inbatarki na karɓarsa.

Firiza kuwa ta yi aikinta da rana, daga hantsi zuwa la'asar, a cike, da daddare a daina buɗe ta. Guga ta koma tsakar rana ko dutsen gawayi.

Zancen maƙociyarki gaskiya ne, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa. Sai dai ramin yana son ɗanyen kashin shanu biyu ko uku kullum, da ruwa daidai yawansa, da fili. Wannan na mai turke ne. Ke da za ki sayo kashin a kawo miki a kura, gara ki nemi murhu mai tsimin gawayi, irin mai laka a ciki.